Tukunyar Hajiyar Kano

Ni Kulu da ƙafafuna na fara dillanci, ba da waya ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar ƙunshi a ka, in shiga wannan gida in fita wancan, daga nan Tudun Gawo har cikin Ɗanbatta. Mace ta matsu, sai ta ja ni ƙuryar ɗaki ta miƙo mini turmin atamfa ko kwanon jere. Ni kuma in kai shi can inda ba a san shi ba, in sayar, in cire la'adata, in kawo mata saura a ƙulle a bakin zane. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta: kayan gabas a kai su yamma, a kuma riƙe baki.

Sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. In na durƙusa gaisuwa, sai an kama ni nake tashi. Ana cikin haka autata Rumaisa ta dawo daga Kano da takardar difloma ta kasuwanci, da baki kamar rediyo.

"Inna, zamanin yawo ya wuce," in ji ta. "Shago za ki buɗe. Kaya su zo su same ki a zaune."

Soron gidanmu muka share, aka kafa katakai, aka ɗaura igiyar rataye. Ta sa aka rubuto allo, aka kafa shi a bakin hanya: RUFIN ASIRI, SAYE DA SAYARWA. Harufan nan, ko ɗan acaɓa yana gudu sai ya karanta. Na ce mata, "Ke 'yar nan, asirin da aka rubuta da jan fenti a bakin titi, wane irin rufi ke nan?" Ta ce ban san talla ba.

Daga nan ta shiga ɗaukar hoton kayan mutane tana ɗorawa a sitatus, wurin nan na waya da kake sa abu duk mai lambarka ya gani. To, garinmu kuwa katanga na jikin katanga, gona na jikin gona. In kika yi tari a ɗakinki, maƙwabciya ce za ta ce miki sannu. Kowace mace ta san zannuwan 'yar'uwarta kamar ita ta ɗinka su. Kafin sati ya zagayo, wata tsohuwa ta ga kular abincin da ta ba surukarta ranar suna, tana sheƙi a waya, da farashi a ƙasa. Wayyo! Faɗan da aka yi a gidan nan har mai unguwa sai da ya shiga. Masu kawo kaya suka ɗauke ƙafa ɗif. Na zauna a soro ni da ƙudaje, ina hararar allon nan.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta yi tagumi, ta yi latse-latsenta, sannan ta ce ta samo magani. Daga ranar, ƙarƙashin kowane hoto sai ta rubuta: "Kayan Kano. Wata Hajiya ce ta gaji da shi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Wa zai yarda da wannan?"

Babu wanda ya yarda. Amma kowa ya karɓa, kuma da hannu biyu. Asma'u matar mai shayi ta shigo ta ɗaga wani zane, zanen ƙanwar mijinta ne, har da ƙunar da ita Asma'un ta yi masa da dutsen guga lokacin da ta are shi. Ta duba ƙunar, ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah, ashe Hajiyoyin Kano ma suna ƙona kaya." Ta biya ta tafi. Wata kuma takan zo da yamma ta tsaya kan kayanta da ta aiko da safe, ta shafa, ta tambayi kuɗinsa, ta ce, "Wannan kam Hajiya ta san abu mai kyau. Kulu, kar ki karya shi."

Gaskiya ɗaya ce, yarinyar ta iya. Kasuwa ta buɗe yadda ban taɓa gani ba, har daga Tofa da Watari ana aiko da kaya ana aiko da saƙo. Hajiyar Kano kuwa ban taɓa ganin mace mai saurin gajiya irinta ba. Ta gaji da leshi, ta gaji da katifa, ta gaji da keken ɗinki, ta gaji da tabarmar roba mai huji. In damina ta yi gardama, gajiyarta sai ta ƙaru. In lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, kai, har tausayinta nake ji.

Mutum ɗaya ne a garin nan ya ƙi karɓar baƙuwar, Malam Abdussalam, mai koya wa matan aure karatu ranar Asabar. Wata rana yana cikin bayani ya ce ƙarya a ciniki tana cinye albarka, ko da ƙaramar ƙarya ce, ko da kowa ya san ƙarya ce. Bai kira sunan kowa ba. Amma matan nan duk suka waiwayo suka dube ni, har da waɗanda kuɗin Hajiya ke ƙulle a bakin zanensu a lokacin. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Da wani ne da na ba shi amsa, to amma mijin Aina'u ne.

Aina'u aminiyata ce tun muna 'yan mata muna tallan ƙuli-ƙuli. Ita ta yi mini zaman ɗaki, ni na yi mata. Ita ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar maigidana Sule. Ba ta da zinare, ba ta da firji, gidansu har yau na ƙasa ne. Abin da take da shi tukunya ce.

Ba tukunya irin ta kowa ba. Ta dalma ce, babba, wadda babban mutum zai shiga ya zauna. Mahaifinta ya saya mata da aurenta, mutane suna ta dariya wai me amarya za ta dafa a ciki. Kunnenta ɗaya ya taɓa karyewa, maƙeri ya liƙa shi a karkace. Ba a yi suna ko biki ko sadakar mamaci a Tudun Gawo ba tare da tukunyar nan ta hau murhu ba. Kuma ba a aika a ɗauko ta. Uwar taro da kanta take zuwa, ko matar wa ce, ta durƙusa ta gaida Aina'u, ta ce ana neman alfarma. Aina'u ba ta karɓar ko sisi. Sai dai ranar taron ta yafa mayafinta ta bi tukunyarta, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana cewa a ƙara wuta, a rage ruwa, gishirin ya isa. Matar da ba ta da komai, amma ba a sauke abinci sai ta ce a sauke. Mutuncinta ke nan a garin nan, kuma da shi take ɗaga kai.

Wata ranar Laraba da hantsi ina zaune ina warware wasu zannuwa, sai ga mai baro ya turo wani abu an lulluɓe shi da buhunan taki. Aina'u na biye da shi. Ta sallame shi, ta shigo, muka gaisa. Ta ƙi zama. Ta janye buhun, sai ga kunnen nan karkatacce yana kallona.

"Kulu," ta ce, idonta na kan igiyar rataye, "wata Hajiya ce a Kano ta aiko a sayar mata. Wai ta gaji da ita."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni? Ni Aina'u za ta yi wa Hajiyar Kano? Hajiyar nan fa a soron nan aka haife ta, ni na yanke mata cibi! Kuma ba wai ban san abin da ke ciki ba, duk gari an sani. Yanar ido ta hana Malam gani, karatun ma da ka yake ba da shi, littafin riƙewa kawai yake. Tumatirin da suka noma a Watari tsutsa ta cinye shi tas. An ce sai an yi masa aiki a asibiti a Kano. Shi yana ɓoyewa, ita tana ɓoyewa, mu kuma muna taya su. Amma ni a zatona in tura ta kai bango, ɗakina za ta shigo ta yi kukanta kamar yadda na yi nawa a cinyarta. Sai ga shi ta tsaya a bakin shago kamar baƙuwa.

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta, don sana'a sana'a ce. Na ce, "To, Allah ya kawo kasuwa. Nawa Hajiyar ta ce?"

Ta faɗa. Ta ja mayafi ta fita, ba ta ko waiwayi tukunyar ba.

Na yi shawara da zuciyata. Wannan ba kayan sitatus ba ne. Irin na da zan yi: in jira Lahadi, in sa a kai ta kasuwar Ɗanbatta da sassafe, masu sayar da abinci na tasha su saya, ta shige wata duniya. In an tambayi Aina'u ta ce tana wurin gyara, har a gaji a daina tambaya. Na mayar da buhunan na rufe ta, na tura ta bayan katifu, na tafi gaisuwar rasuwa a ƙauyen gaba da mu.

Ina dawowa tun daga bakin hanya na hango ta. An jawo ta tsakiyar soro, an dirje ta da toka har tana ɗaukar ido. Rumaisa na tsaye tana murmushi da waya a hannu.

"Kin ɗora?" na ce.

"Tun ɗazu, Inna. Mutane sai kallo suke."

"Innalillahi! Ke wace irin yarinya ce? Ba ki san ta wa ce ba?"

"Na sani mana, ta Inna Aina'u ce. Shi ya sa na yi sauri, don ta samu kuɗin da wuri. Ai na rubuta kayan Kano."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce mata Hajiyar Kano zane take iya rufewa, da kwano, da katifa. Wannan tukunyar ta fi ƙarfinta. Babu macen da ba ta sa hannu ta kankare ƙanzonta ba a garin nan. Ta ce bari ta goge. Na ce goge me, bayan an gama gani?

Washegari mata suka fara zuwa. Na sa ran surutu, sai na ga shiru. Su shigo, su tsaya, su dubi tukunyar kamar an zo duba mara lafiya, su sayi ɗan abin da ba su da buƙata, su fita. Asma'u ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ashe Hajiya ma tana taro." Ba wadda ta taya tukunyar. Wa zai so a ce a gidansa Aina'u ta ƙare?

Akwai mai so. Da la'asar sai ga Hajiya Tahira, matar dilan taki, turarenta ya riga ta shigowa. Ita tana da tsohon ciwo. Lokacin bikin 'yarta ta je aron tukunyar, Aina'u ta ce an riga an yi wa wata alkawarin ranar, matar wani mai faskare da ke suna. Tahira ta ce za ta biya, Aina'u ta ce ba ta haya ba ce. Dole aka ɗaga girkin bikin. Shekaru sun wuce, amma abin na nan a ranta kamar jiya.

Ta zagaya tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta kama kunnen nan ta jijjiga.

"Kai, kayan Kano akwai ƙarko," ta ce. "Zan saya, Kulu. Dama garin nan ana wahalar tukunya. Sai a riƙa zuwa gidana aro. Kowa da kowa fa, ba na ware kowa. Duk wadda ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, zan duba in ba a riga an yi alkawari ba."

Nan take na hango abin. Na hango Aina'u a tsakar gidan Tahira, ranar aurar da jikarta, tana tsugunne tana neman alfarmar tukunyar da ubanta ya saya mata. Jinina ya hau.

"An saya," na ce.

"Wa ya saya?"

"Wata Hajiya daga Kano."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Daga Kano ta zo, kuma Kano za ta koma?"

"Haka suke. Wannan ta gaji, waccan tana marmari."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Ai ba ta isa ta ce babu Hajiya ba. Bara da takin mijinta ya yi kwantai, kulolinta da labulayenta ta soron nan suka bi, kuma Hajiyar ce ta rufa mata asiri. Ta yi tsaki ta ce Allah ya sa alheri, ta kwashi turarenta ta fita.

Rumaisa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Inna, wace Hajiya kuma?"

Tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan. Baki ya riga ya yi ciniki, aljihu bai sani ba. Abin da shago ke kawowa ci ne da sha, sauran kuɗin na masu kaya ne, kuma ni ban taɓa taɓa amanar mutane ba. Na zauna. Sai na ji hannuna ya tafi kunnena da kansa.

'Yan kunne ne na zinare, ƙanana, masu kamar ƙwayar gyaɗa. Sule ya saya mini su shekarar da gyaɗa ta yi kyau, ya zo da su a ƙunshe a takardar siga yana ta kunya. Tun daga ranar ban cire su ba, sai lokacin takabarsa. Na kwance su na ajiye a kan tire.

"Ɗora," na ce.

"Haba Inna! Kowa ya san su. A bari in kai Kano wurin masu zinare."

"Su yi miki wayo su ce rabi ƙarfe ne? Aikin ido ba ya jira. Ɗora, ki rubuta abin da kika saba rubutawa."

Ta ɗora, tana share hawaye da gefen hijabi, ita mai difloma.

Ranar na san abin da ake ji. Na daɗe ina karɓar kayan mutane ina cewa ba komai, rufin asiri ne, ashe ban san nauyin abin ba. Mace ta shigo, ta dubi tire, ta dubi kunnena, ta yi sauri ta mayar da ido kan tire. Na ja ɗankwali na rufe kunnuwan har wuya, ana zafin bazara kamar a gasa gurasa a ƙasa. Wata ta ce, "Kai, Hajiya ta gaji da zinare ma?" Ni kuma in ce, "Wallahi kuwa, kin san masu kuɗi." Kunya ta ishe ni, kamar in nutse.

Wa kuke zato ya saya? Ko tayi ba ta yi ba. Ta zube kuɗin, ta kwance nata, ta maƙala nawa a nan gabana, ta karɓi madubi a hannun Rumaisa tana juya kai.

"Kin ga ikon Allah, Kulu," in ji Tahira. "Ni da Hajiyar nan kunnenmu ɗaya."

Na ce Allah ya sa a kashe lafiya. Da za a tsaga zuciyata a lokacin, da an ga abin da ba ya faɗuwa.

Da yamma na tafi gidan Aina'u. Na cire la'adata cif kafin in miƙa mata, don in ban cire ba ya zama sadaka, kuma Aina'u za ta mutu ba ta karɓi sadakata ba. Muna zaune a tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta karɓa ta tura ƙarƙashin cinya. Ta dubi ɗaurin kaina ta daɗe tana kallo. Ita ma tana da waya.

"Ƙawa, sanyi kike ji?"

"Mura ce."

"Allah ya sauwaƙe." Ta shiga tsinke zaren tabarma. Can ta ce, "Ita mai tukunyar, mijinta ne ba lafiya. Ido ne."

"Allah ya ba shi lafiya. Ba ta da 'yan'uwa ne? Ba ta da aminiya?"

"Tana da ita."

"To ki ce mata ba ta kyauta ba. Ki ce mata aminiyar ta ji ciwo."

"Ta sani. Ta ce ita kowa zuwa yake wurinta roƙo, ba ta taɓa koyon yadda ake yi ba. Ta ce in ta buɗe baki a gaban aminiyar, kuka za ta yi, kuma in ta fara ba ta san ranar dainawa ba."

Na ce, "Wawuya ce."

Ta ce, "Ita ma haka ta ce."

Muka zauna muna zagin matan Kano har aka kira magariba. Rabon da mu yi hira mai daɗi irin wannan an daɗe.

Aka tafi da Malam asibiti. Ni kuma aka bar ni da tukunya. Ba ta shiga ƙarƙashin gado, ba ta shiga bayan ƙofa. Na kife ta a tsakiyar ɗakina na rufe da bargo, kullum sai na buga ƙafa da ita in yi ta masifa ni kaɗai. A gari kuwa abin ya fara fitowa. Aka yi suna a gidan liman, aka jera ƙananan tukwane kamar masu sayar da magani, shinkafar wannan ta caɓe, ta waccan ba ta dahu ba. Mata suna ci suna tsine wa Hajiyar Kano da ta kwashe mana tukunya, ni ina cikinsu ina cewa wallahi ba ta da kirki. Tahira na gefe tana kaɗa kai don 'yan kunnena su yi walƙiya.

Abin da ya fi damuna, kujerar Aina'u babu kowa a kai. Ba ta zo ba. Bikin da ya biyo baya ma ba ta zo ba, ta aiko wai ƙafa. Ƙarya take, ƙafarta ta fi tawa. Me za ta zo ta yi? Ta zauna a layin masu jiran a zuba musu? Na ga an sayi idon Malam, amma ita an bar ta a ɗaki. Kuɗin zinarena rabin aiki ya yi.

Sai na kira Rumaisa na ce ta ɗauko wayarta, yau ni zan faɗa ta rubuta. Ta rubuta: "Sanarwa. Hajiyar da ta sayi babbar tukunya ta ce gidanta na Kano bene ne, ba wurin ajiya. Ta ba da ajiyarta a hannun Inna Aina'u. Mai buƙata ya je can ya nemi alfarma kamar yadda aka saba." Rumaisa ta karanta ta dube ni ta ce, "Inna, ashe kin san talla." Na ce ta rufe mini baki.

Na sa mai baro ya tura, ina biye da shi ina ɗingishi, wannan karon ba buhu ba komai. Abin da ban lissafa ba, ranar ce matan makarantar Asabar suka taru yi wa Malam barka da dawowa. Na yi sallama na shiga, sai na ga tsakar gida cike. Malam na zaune a inuwar darbejiya da baƙin tabarau, mata na daga gefe a kan tabarmi, har da Tahira. Mai baro ya dire tukunyar a tsakiya, ƙarar ta cika gidan.

Aina'u ta fito daga madafa ta tsaya cak.

Na gyara murya na karanto abin da na haddace: Hajiya ta gaishe ki, gidanta bene ne, ta ce a riƙe mata amana, a riƙa ba mutane aro ladan ya je mata. Mata suka ɗauka, "Allah sarki Hajiya! Ashe mutuniyar kirki ce, muka yi ta zaginta."

Malam ya cire tabarau a hankali. Ya dubi tukunyar. Ya dubi matarsa. Sannan ya dube ni, kuma a wahalar tahowa ɗankwalina ya zame baya. Mutumin da bai yarda da ƙaramar ƙarya ba lokacin da ba ya gani, yau ga shi da sabon ido, kuma da kuɗin ƙaryar aka wanke shi. Na ce shi ke nan, yau za a yi mini wa'azi a gaban Tahira.

Malam ya ajiye tabarau a gefe. Sannan ya ce, "Wadda ta yi wannan ta cancanci addu'a. Sai dai ni ban iya roƙa wa wata Hajiya ba. Allah ake faɗa wa. Yaya sunanta?"

Na yi wuf na ce, "Allah ya gafarta Malam, sunanta Hajiya Rah..."

"Hauwa'u," in ji Aina'u. Har soro an ji muryarta. "Kulu ake ce mata. 'Yar Muhammadu Sani mai gyaɗa. Tukunyata ce na sayar don idonka, ita ta saya da 'yan kunnenta."

Jama'a, ku ji mini mace! Asirin da na cire zinaren Sule na rufa, na sha zafi da ɗankwali har wuya, na buga ƙafa da dalma safe da yamma, ita ta sa bakinta ta yaye shi a gaban rabin gari. Na so in zage ta. Na buɗe baki, sai kuka ya fito maimakon zagin, irin mai sauti, ni da ko a makoki ba a cika jin muryata ba. Ita ma ta fara nata, wanda ta ce ba ta san ranar dainawa ba.

Malam ya ɗaga hannu. Ya kira sunana da na ubana, ya roƙa mini abin da ban taɓa tunanin roƙa wa kaina ba, ya haɗa da Sule a kabarinsa. Matan nan suka yi ta amin. Tahira ma ta shafa, na lura ta jawo mayafinta ta rufe kunnuwa, ana wannan zafin.

Aka shafa. Ba wadda ta san inda za ta sa idonta. Sai Asma'u matar mai shayi ta fyace hanci, ta gyara goyonta, ta ce, "Ikon Allah. Kulu, ashe ke da Hajiyar Kano sunanku ɗaya. Har na uba."

"Wallahi kuwa," in ji wata daga baya. "Ai Kano girma gare ta."

Duk suka gyaɗa kai. Na saci kallon Malam. Ya mayar da tabaransa, ya ɗauki carbi, bai ce uffan ba.

Aina'u ta share fuska da gefen zane. Ta zagaya tukunyar, ta leƙa ciki, ta shafa gindin, ta ce wa ya dirje ta da toka haka kamar za a cinye ta. Sannan ta ce, "Ke kuma kin tsaya kina ta ɓaɓatu. Jibi akwai suna a unguwar nan. Zo ki kama mini."

Na kama kunne mai kyau, ta kama karkataccen, muka ja ta zuwa gindin murhu.